Zazzaɓi ya kwantar da ni sati guda, ga abin da na kalla

Ɗan Jekadafari: Salamu alaikum jama'ar gida. Kwana biyu kun ji ni shiru, zazzaɓin sauro ne ya maka ni da ƙasa, sati guda cur ko ƙofar gida ban leƙa ba, amma Alhamdulillah yanzu har tuwo ina ci. To zaman kwanciyar nan ba abin yi sai waya, ƙanina ya cika min memori da finafinai na dinga bi ɗaya bayan ɗaya. Na kalli RRR fassarar Hausa, na kalli Oppenheimer a zama uku, na koma na bi wasu kashi na Labarina da suka wuce ni, sai kuma wani ɗan Indiya da ban ma san da shi ba wai shi 12th Fail. Wannan na ƙarshen shi ya hana ni barci wlh. Ba faɗa, ba bos, ba mota tana tashi sama, labarin wani yaro ne ɗan ƙauye a yankin Chambal da ya saba malamansu su rubuta musu amsa a allo ranar jarrabawa, aji 12 a can kamar SS3 ɗinmu ne, sai aka kawo wani sabon ɗan sanda ya zo ya tsaya ya hana satar amsa, ajin gaba ɗaya suka zube har da shi. Ni tun daga wajen nan na tashi zaune don abin da na gani da idona ne shekarar da muka yi namu.

Maman Ilham: Ayya sannu Hamma, Allah ya ƙara sauƙi. Shi ya sa ban ga kana tsokanar mutane ba kwana biyu, ashe sauro ne ya rama mana.

Auta: Allah ƙara afuwa Hamma. Amma tsakani da Allah ka kalli RRR ka zo kana mana zancen fim ɗin jarrabawa? Wajen da jarumin ya shigo gidan Turawa da babbar mota ya buɗe keji damisa da barewa suka yi tsalle tare da shi, ni sau nawa na mayar da wajen nan baya ban sani ba.

Ɗan Jekadafari: Auta ai ban ce bai yi ba. Ya yi, awa uku da 'yan mintuna ban ji gajiya ba. Sai dai da na gama shi na ajiye waya shi kenan ya tafi, kamar ka sha zoɓo mai sanyi. Ɗayan kuwa har yau yana kaina. Yaron nan kakarsa ta ba shi kuɗin fanshon da take tarawa ya tafi birni, aka sace a mota yana barci, ya kai Delhi ba ko sisi, ya yi sharar ɗakin karatu, ya koma aikin injin niƙa yana kwana a ciki gari duk a jikinsa yana karatu da ɗan ƙwan lantarki, ya faɗi ya sake ya faɗi, sai a zama na huɗu ya ci jarrabawar manyan ma'aikata ya zama babban ɗan sanda. Kuma mutumin na gaske ne, Manoj Kumar Sharma, a 2005 ya shiga aikin. Abin da ya dame ni shi ne, wannan ai labarinmu ne, me ya sa sai Ba'indiye ne zai ba mu shi?

Malam Tica: Bari in sa baki tunda an taɓo gonata. Na kalli fim ɗin nan tun bara kuma na so shi, amma akwai inda ya yi mana daɗin baki. A fim mutum ɗaya mai gaskiya ya zo ya hana, kowa ya watse, yaro ya ɗauki darasi. A zahiri ba haka abin yake tafiya ba. Ni an taɓa tura ni sa ido a wata makaranta, ba zan faɗi suna ko gari ba, na hana a shigo da takarda, kafin azahar iyayen yara ne da kansu suka taru a bakin get, ba malamai ba fa, iyaye, wata uwa har kuka take tana cewa na rufe wa ɗanta ƙofar arziki alhali ta sayar da akuyarta ta biya kuɗin rajista da na "taimako". Na koma gida ranar ban san ko ni ne azzalumin ba. Shekara ta zagayo ba a sake kirana ba. To wannan ɓangaren fim ɗin bai zauna a kai ba, ya bi wanda ya ci ne. Duk da dai in an yi adalci ya nuna wani mai shayi da ya ƙare duk damarsa bai ci ba ya koma taimakon na baya, ni shi ne ma ya fi tsaya min a rai fiye da jarumin.

Ɗan Jekadafari: Malam wannan da ka faɗa ai shi kansa fim ne. Uwar nan da akuyarta. Wa zai yi mana shi?

Injiniya: Ba wanda zai yi, don ba soyayya a ciki kuma ba gidan sama mai kujerun alfarma. Namu in ba a nuna Alhaji yana saukowa daga bene da waya a kunne ba ai ba a fara ba.

Adda Hauwa: Injiniya wannan kuma son zuciya ne, kullum ku da kushe na gida. Kwana Casa'in da Arewa24 suka yi me ya bari? Siyasa, asibitin gwamnati da ya lalace, ɗan jarida da ake saye, gwamna da matarsa, duk an taɓo. Gidan Badamasi fa, dariya kake amma rigimar gado ce da kowane gida ya sani. Daɗin Kowa shekara nawa suna nuna almajirci da shaye-shaye da 'yan gudun hijira. Ku ce dai ba kwa kallo.

Auta: Adda ni fa ina yaro na ɗauka a Daɗin Kowa tamu ta wajen dam ake ɗaukar shirin nan, har na ce wa Inna in mun je Deba a wuce da ni in ga Malam Nata'ala.

Adda Hauwa: Kai dai Auta Allah ya shirye ka.

Injiniya: Adda na yarda da Kwana Casa'in, zangon farko kam ba magana. Matsalata da masu dogon zango ita ce jan rai. Abin da za a gama a kashi 10 sai a kai shi 40 saboda kowane sati sai an ɗora a YouTube an samu masu kallo. Mutum zai fito daga mota, a nuna ya rufe ƙofa, a nuna ya taka har falo, a yi sallama, a gaisa, ya gida ya yara ya aiki ya gajiya, minti biyar ta tafi datana na ƙonewa ba a ce komai ba. Sannan a saka kiɗan tausayi a nuna fuskar kowa ɗaya bayan ɗaya.

Maman Ilham: To ai haka muke gaisawa a gaske Injiniya, so kake a shigo a fara magana ba sallama kamar Turawa? Ni Labarina nake bi kuma ba na jin kunyar faɗa. Abin da ya ɓata min rai kawai lokacin da Nafisa Abdullahi ta bar shirin aka kawo Fati Washa a matsayin Sumayya, ba wai ba ta iya ba, ta iya, amma ido ya riga ya saba, sai na ji kamar an canza min 'yar uwa da daddare. Da aka koma labarin Mainasara kuma na dawo da ƙarfina, Sadiq Sani Sadiq ya iya shiru, akwai 'yan wasan da in ba sa magana sai ka ga suna jiran layinsu ne, shi kuwa shirun ma wasa ne. Mai gidan nan da yake cewa kallon mata ne yanzu shi ke tambayata an saki na wannan satin?

Ɗan Jekadafari: Hhhh Maman Ilham kin tona asirin Yaya. Gsky nima wajen Baba Ɗan Audu nake tsayawa, Rabi'u Rikadawa ko tari ya yi sai ka yi dariya kuma kana jin haushinsa lokaci ɗaya. Aminu Saira mai ba da umarnin shirin ya san aikinsa, ban musa ba. Amma Injiniya na da gaskiya a jan rai, ina kwance na bi kashi shida a jere sai na gane da yawa a ciki maimaici ne, wanda ke kallo sati sati ba zai lura ba.

Mai Tura Fim: Ku bari in faɗa muku daga shago tunda ni nake ganin abin da mutane ke nema. Cikin masu zuwa wajena mafi yawa Indiya fassara suke so, sai masu dogon zango na Hausa, sai na Turkiyya irin su Ertugrul da Osman wanda dattawa ma suna aiko yara a tura musu. Irin wanda Hamma yake yabo ɗin nan in na tura wa mutum gobe zai dawo ya ce na cuce shi ba faɗa a ciki. Pushpa kuwa da KGF ko yau aka ce in goge su a kwamfuta to na rufe shago. Mutum ya wuni yana tura baro ko yana kan mashin a rana, da daddare ba ya son a tuna masa wahala, so yake ya ga talaka ya daki mai kuɗi.

Malam Tica: Wannan magana ce. Amma kai ma ka san kuna cikin waɗanda suka sa 'yan fim ɗin Hausa suka gudu YouTube, mutum ya kashe miliyoyi washegari fim na wayar kowa a naira ɗari.

Mai Tura Fim: Malam ai kafin mu masu buga faifan CD na bogi ne suka fara kashe kasuwar, mu mun zo mun tarar da gawa ne. Kuma ka faɗa min a ina mutumin Kumo ko Bajoga zai je ya biya ya kalla in yana so?

Injiniya: A bar wannan, rigima ce da ba ta ƙarewa. Hamma ba ka ce komai kan Oppenheimer ba, ni shi nake jira.

Ɗan Jekadafari: Injiniya in gaya maka gaskiya sau biyu barci na ɗauke ni, ga magani a jiki ga Turanci kamar ana zuba tsakuwa a kwano, ga shi ana tsalle daga mai kala zuwa baƙi da fari ban san wace shekara ake ba. Amma wajen gwajin bam ɗin a hamada, da haske ya tashi aka ɗauke sauti gaba ɗaya sai numfashin mutane kake ji, na ɗauka lasifikar wayata ce ta mutu har na ƙara murya, sai ƙarar ta zo ta kusa jefar da ni daga katifa.

Injiniya: Hahaha ai da gangan ne, haske ya riga sauti gudu, su ma da suke nesa haka suka gani kafin su ji. Gwajin nan 16 ga Yulin 1945 aka yi shi a New Mexico, sati uku bayan nan aka jefa na Hiroshima ranar 6 ga Agusta, na Nagasaki ranar 9. Ni na so fim ɗin sosai, Oscar 7 ya ɗauka, kuma awar ƙarshe da mutane ke cewa ta gundure su ita ta fi min, yadda gwamnatin da Oppenheimer, masanin da ya jagoranci ƙera bam ɗin, ya yi wa aiki ta zaunar da shi a ɗan ƙaramin ɗaki a 1954 ana tono tsofaffin abokansa 'yan gurguzu har aka ƙwace masa izinin sanin sirrin ƙasa. Duk wanda ya taɓa aikin gwamnati ya ga yadda ake kafa kwamiti an riga an gama yanke hukunci zai gane wajen nan. Abin da ya ci min rai biyu ne. Awa uku ba a nuna mutanen Japan da abin ya faɗa wa ba, damuwar wanda ya ƙera kawai muke kallo. Na biyu, yawancin yuraniyom ɗin da aka yi aikin da shi daga mahaƙar Shinkolobwe ta Kongo aka kwaso shi lokacin tana hannun Beljiyam, baƙaƙen fata ne suka haƙo da hannunsu, ko a baki ban ji an ambace su ba.

Auta: Ni dai minti 20 na yi na kashe, mutane sanye da kwat suna ta surutu. A RRR aƙalla an daki Turawan.

Malam Tica: Auta ka san mutanen biyu na RRR sun rayu da gaske? Alluri Sitarama Raju da Komaram Bheem, kowanne ya yi tawaye a yankinsa, amma haɗuwarsu da abotarsu ƙirƙirar mai fim ce. Kuma rawar waƙar nan da ta ci Oscar a 2023 ba a Indiya aka ɗauke ta ba, a gaban fadar shugaban Yukren ne a Kiev, 'yan watanni kafin yaƙi ya ɓarke.

Auta: Kai Malam, yanzu ka ɓata min, ni da na ɗauka Delhi ce.

Adda Hauwa: Ni abin da ke ba ni dariya da fassara shi ne yadda suke ƙara nasu. Ba'indiye ya buɗe baki sau ɗaya, mai fassara ya zuba karin magana uku da kirari har da sunan unguwa. Wani lokacin ya fi asalin daɗi wlh, amma wajen kuka ma sai su sako barkwanci su kashe maka shi. Ni kuma tunda kowa na faɗin nasa, wanda na kalla kwanan nan The Milkmaid ne, na san ya daɗe tun 2020 amma sai yanzu na samu. Ban iya gama shi a zama ɗaya ba. 'Yan mata biyu masu tallan nono, ana cikin biki 'yan bindiga suka faɗo ƙauyen suka kwashe su. A Taraba aka ɗauka, tsaunukan nan da ciyawa kore shar, kyan wajen ma shi ke ƙara maka ciwo. Da aka zo wajen harin sai na ji ƙirjina ya riƙe, 2014 da 2015 suka dawo min, lokacin bama-baman Tashan Dukku da babbar kasuwar Gombe, lokacin da in mai gida ya fita sai ka yi ta kallon waya. Na kashe na je na yi alwala. Sai bayan kwana biyu na ƙarasa. Maryam Booth ta ba ni tsoro a fim ɗin nan, yarinyar da muka saba gani tana kukan soyayya ta koma wata iri, idonta a bushe, ta karɓi aƙidar waɗanda suka sace ta har ta fi su zafi. Ba banza ta ci kyautar finafinan Afirka ta AMAA da shi ba.

Maman Ilham: Adda ni shi ya sa ba zan kalla ba. Abin da muka gani ya isa. Allah kar ya maimaita mana.

Ɗan Jekadafari: Amin ya Allah. Adda to kin ga wannan ya rushe rabin maganata, ashe ana yin namu labarin. Sai dai ki duba wa ya yi shi, Desmond Ovbiagele, ba ɗan Kannywood ba ne.

Adda Hauwa: Eh amma 'yan wasan da harshen namu ne, Hausa da Fulatanci. Kuma shi Najeriya ta tura Oscar a shekarar, bayan an cire Lionheart a 2019 saboda Turanci ya yi yawa a ciki, wanda Yakubu Muhammad ɗan Bauchi da Sani Mu'azu suka fito. A 2024 ma na Hausa aka sake turawa, Mai Martaba da aka ɗauka a Daura da Adam A. Zango. Bai kai zagayen ƙarshe ba amma an tura. Ni haushina mu da aka yi da harshenmu mu ne na ƙarshen gani.

Injiniya: To ga ɗanmu Ali Nuhu can a kujerar hukumar finafinai ta ƙasa tun Janairun 2024, mahaifinsa mutumin Balanga ne, sai mu aika masa ya tuna da gida.

Bappa Alhaji: Salamu alaikum yara. Jikata ce ta karanta min duk abin da kuka rubuta, ita ke buga min wannan. Ɗan Jekadafari Allah ya ƙara lafiya, ka riƙa shiga gidan sauro. Ku kuna kallo a tafin hannu kowa shi kaɗai a ɗaki, mu a silima muka kalla, fili ba rufi, benci, in ruwa ya sauko a jiƙe a ƙarasa. Ba fassara ba rubutu a ƙasa, amma mun san komai, har suna muka raɗa musu, Dharmendra shi ne Sarkin Ƙarfi, Sanjay Dutt daga baya ya zama Ɗan Daba Mai Lasin. Sholay na kalle shi ya fi sau goma. Kuma mai cewa ba a taɓa yin labarinmu da gaske ba, ya nemi Shaihu Umar, littafin marigayi Abubakar Tafawa Ɓalewa da ke kwance nan Bauchi, Adamu Halilu ya mayar da shi fim a 1976. Labarin yaro ne da aka sace aka sayar bawa aka haye Sahara da shi, uwarsa ta bi sawunsa har ƙarfinta ya ƙare. Ba waƙa ba rawa, amma na ga manyan mutane suna share hawaye da hannun riga.

Malam Tica: Allah ya ƙara girma Bappa. Fim ɗin nan an daɗe ana zaton ya ɓata, sai aka gano faifansa a ma'ajiyar hukumar finafinai, Jamusawa suka gyara shi aka haska a bikin finafinai na Balin a 2018. Littafin kam muna da shi a makaranta, yara na karantawa don jarrabawa, yawancinsu ba su ma san akwai fim ba.

Ɗan Jekadafari: Bappa na gode, na ji kuma zan shiga gidan sauro. Kun ga wannan ma wani abin haushin ne, an kalle shi a Jamus mu da kabarin marubucin ke awa biyu da mu ba mu gani ba. Mai Tura Fim kana da shi?

Mai Tura Fim: Hamma shekara tara ina sana'ar nan ba wanda ya taɓa tambayata shi sai yau. Zan tambayi mutanenmu na Kano da Jos.

Bappa Alhaji: In ka samu kar ka tura wa kowa a waya. Ku kawo min gida da majigin nan naku na zamani a haska a bangon zaure bayan isha'i, ni zan sayi man janareto, Goggonku ta dama fura.

Auta: Bappa in dai da fura ni zan ɗauko benci. Amma in an gama a saka RRR ko rabi ne, ku ga wajen damisar nan a bango.

Bappa Alhaji: Jikata ta nuna min wajen yanzu. Wannan yaron da ya yi tsalle da wuta a hannu, a zamaninmu Sarkin Ƙarfi da mari ɗaya zai zaunar da shi.